Kafin ka ja ɗakin tafi-da-gidanka: yadda ake zaɓen ƙugiya mai raba nauyi

Ranar da wani Alhaji maƙwabcinmu a Agege ya fito da kayansa daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can, sai da rabin layinmu ya fito kallo. Ɗaki ne sukutum a kan tayoyi, irin wanda Amurkawa ke ja a bayan mota: gado, kicin, banɗaki, tankin ruwa, duk a ciki. Mutum ne mai zirga-zirga tsakanin Legas da gonarsa a wajen Mokwa, yana son wurin kwana mai tsafta idan ya je can. Aka sake jona ɗakin da motarsa Tundra, aka sauke jak. Nan take bayan motar ya durƙushe, gabanta ya ɗaga kamar akuya mai neman ganyen reshe.

Bakaniken da ke wurin ya duba ya ce, "Alhaji, ƙaramin aiki ne. A ƙara mata ganyen sifirin biyu a baya, za ta miƙe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, miƙewa kam za ta miƙe. Amma ciwon ba a baya yake ba, a gaba yake."

Na shafe shekaru ina jan ƙaramar tirelar dawaki tsakanin Ikoyi da Kaduna lokacin wasannin folo, kuma abin da na gani a wannan hanya shi ya sa nake ɗaukar maganar nan da zafi. Irin waɗannan ƙananan tireloli suna ƙaruwa a garin nan: na dawaki, na janareta, na jirgin ruwa a Lekki, na sayar da abinci, ga kuma ɗakunan kwana jefi-jefi. Yawancin masu su ido suke bi wajen haɗa su da mota. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan harka bai sani ba.

Duk wanda ya taɓa lura da kurar 'yan ga-ruwa ya riga ya fahimci rabin lissafin. Tayoyi biyu ne a tsakiya. Idan aka jera jarkoki suka rinjaya gefe ɗaya, ɗaya gefen tashi yake. Haka motar da aka rataya wa tirela take. Tayoyinta na baya su ne tsakiyar ma'aunin, ƙwallon ƙarfen ƙugiya, wanda kofin da ke bakin tirela ke hawa, yana can bayansu, duk abin da ya danne shi kuma yana ɗaga gaban motar. Nauyin da tirela ke saukewa a kan wannan ƙwallo shi zan riƙa kira nauyin wuya, tunda ta wuyanta mai siffar tsinin mashi yake sauka.

Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi. A ce tsakanin tayar gaba da ta baya mita 3 ne, daga tayar baya zuwa ƙwallo kuma mita 1.2, nauyin wuya kilo 300. Mutum zai zaci kilo 300 ne ya hau tayoyin baya. A'a. Kilo 420 ne. Ragowar 120 ɗin daga tayoyin gaba aka ƙwato shi. To, tayoyin gaban nan su ne sitiyari, kuma su ke ɗaukar kaso mafi girma na aikin birki. Ka rage musu kilo 120, ka rage musu riƙon kwalta. Sitiyari zai yi sakwa-sakwa a hannu, fitilu su riƙa haska idon masu tahowa maimakon hanya, idan kuma ruwan Yuni ya jiƙa gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12 ba wurin raɓewa na kirki, za ka juya sitiyari motar ta yi kamar ba da ita kake ba.

Nan ne shawarar bakanike ta gaza. Ƙarin ganyen sifirin, ko jakar iska da wasu ke sawa, yana hana bayan mota durƙushewa, sai ta fito a miƙe a ido. Amma tsakiyar ma'aunin bai motsa ba, ƙwallon ma yana inda yake. Kilo 120 ɗin nan har yanzu ba su koma gaba ba. An ɓoye alamar, an bar cutar.

Abin da ke mayar da su shi ne ƙugiya mai raba nauyi, wadda Amurkawa suke amfani da ita tun wajen shekarun 1950, lokacin da ake jan manyan ɗakuna da motocin gida. Sassanta ba su da yawa. Akwai ƙota mai shiga gidan ƙugiya, wato bututun nan mai kusurwa huɗu da ke ƙarƙashin bamba. Akwai kai mai ɗauke da ƙwallo. Sai sanduna biyu na ƙarfen sifirin da ke fita daga kan, su miƙa baya a gefen wuyan tirela, a ɗaga ƙarshensu da ƙarfi a rataye su a jikin shasinta, da sarƙa ko da maƙali. Ka tuna mai baro a kasuwar Mile 12. Idan ya kama hannayen baro ya ɗaga, nauyin kwandunan tumatir yana komawa kan tayar gaba. Sandunan nan su ne hannayen baro, motarka ce baron, wuyan tirela kuma shi ne mai ɗagawa. Da yake wuyan ne ke ɗauke da su, wani kaso na nauyin yana gangarawa baya zuwa tayoyin tirelar.

A misalinmu, idan daga ƙwallo zuwa tayoyin tirela mita 4.8 ne, aka ɗaure sandunan har gaban mota ya dawo da kilo 120 ɗinsa gaba ɗaya, tayoyin bayan mota za su sauka daga 420 zuwa 240, tayoyin tirela su karɓi ƙarin 60. Haɗa 240 da 60, ka ga 300 ɗinka cif. Ko gram ɗaya bai ɓace ba. Ina jaddada wannan ne saboda na sha jin ana cewa wannan ƙarfe yana ƙara wa mota ƙarfin ja. Ba ya ƙarawa. Injin, giya, birki da shasi suna nan yadda kamfani ya yi su. Motar da aka rubuta mata iyakar kilo 1,500 ba za ta ja 2,500 lafiya ba ko da an sa mata ƙugiyar da ta fi kowace tsada.

Saboda haka tambayar farko ba "wace iri zan saya" ba ce. Tambayar ita ce ko motarka da tirelarka sun yarda da ita ma tukuna. A nan ne Legas ke da tarkon da ba kowane gari ke da shi ba, domin kasuwarmu ta tokumbo ba ta da alƙibla ɗaya. Mota daga Amurka, tirela daga Jamus ko Ingila, ƙwallo daga wani shago a kasuwar kayan mota ta Ladipo wanda mai shi ma bai san daga jikin me aka cire shi ba.

Tsarin Amurka da na Turai sun sha bamban tun daga tushe. Amurkawa suna gina tirela ta yadda kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta zai sauka kan ƙwallo, birkinta na lantarki ne, shi ya sa suke bukatar raba nauyi. Turawan Turai suna sa tayoyi kusa da tsakiya, nauyin wuya ya zama kaɗan, wajen kashi 5 zuwa 7, suna kuma tafiya a hankali. Birkinsu na turi ne: idan mota ta rage gudu, tirela ta turo ta, wuyan yana zamewa ciki kamar famfon keke ya ja birki. Ka ɗaure wannan wuya tamau da sanduna da sarƙa, ka hana shi zamewa, ka kashe birkin ba ka sani ba. Irin waɗannan tireloli maganinsu daban ne, kofi ne mai matse ƙwallo kamar na kamfanin AL-KO. Idan tirelarka mai birkin turi ce, kada ka sa mata sanduna sai takardar kamfanin ta faɗa ƙarara cewa an yarda.

Ƙwallon kansa ma abin dubawa ne. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka mai inci 2 milimita 50.8 ne. A tafin hannu ba za ka bambance su ba, amma kama da wane ba ta wane. Manyan ɗakunan Amurka kuma yawanci inci 2 da 5/16 suke ɗauka, kuma kofinsu zai zauna a kan ƙwallo mai inci 2 ya kulle kamar lafiya lau, sai ranar da aka faɗa rami ya yi tsalle ya fita. Girman yana buge a saman ƙwallo da jikin kofi. A goge giris a karanta.

Ta ɓangaren mota, littafinta ne alƙali. Littattafan Toyota na Tundra da Tacoma sun ce tirelar da ta haura laba 5,000, wato kilo 2,268, sai da ƙugiya mai raba nauyi. Land Rover kuwa a littattafan Discovery cewa ta yi kada a yi amfani da ita. Ƙananan motoci da yawa waɗanda ba su da shasi daban da jikinsu ma ba a gina su don murɗar da sandunan ke yi ba. Mafi yawan tokumbo ba sa zuwa da littafi, amma ana samunsa a intanet kyauta idan ka san shekarar motar. Sannan ka kwanta ƙasa ka leƙa gidan ƙugiya. Na kamfani yana da takarda ko tambari mai layi biyu: iyakar nauyi idan ƙwallo kaɗai ne, da iyaka idan da sanduna. Idan layi na biyu babu, ba a yi shi don wannan aiki ba. Idan kuma abin da ka gani ƙarfe ne da mai walda ya liƙa a bamba, to maganar ta ƙare a nan. Sandunan nan murɗa gidan ƙugiya suke da ƙarfin gaske, walda ta bakin titi ba ta ɗaukar wannan. Ina girmama masu waldarmu, sun fitar da ni kunya ba sau ɗaya ba, amma wannan wuri na noti ne masu ƙarfi da suka ratsa shasi a ramukan da kamfani ya huda.

Idan mota da tirela duk sun yarda, sai a zo kan awo, wanda shi ne zuciyar zaɓen.

Alhaji ya nuna mini takardar da ke jikin ɗakinsa, ya ce ga nauyinsa nan. Abin da ya nuna nauyin ɗaki ne wayam, yadda ya fito daga masana'anta, ba ruwa, ba gas, ba tukunya. Babu wanda ke tafiya da ɗaki haka, balle mu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 150 kilo 150 ke nan. Tukunyar gas tamu mai kilo 12.5, ban da nauyin ƙarfenta, a kan wuya take zama. Batirin inbata mai amfiya 200 ya kusa kilo 60 shi kaɗai, kuma da wuya a sa ɗaya. Wutar ɗakunan Amurka bolt 120 ce, tamu 230, don haka ga taransifoma. Ga janareta, ga jarkar fetur, ga buhun shinkafa. Kuma ma'ajiyar da ta fi girma a irin waɗannan ɗakuna a gaba take, daidai inda za ta danne ƙwallo. Lambar da ta fi amfani a jikin takardar ita ce wadda ke gaban haruffan GVWR, iyakar nauyin da aka yarda ɗakin ya kai da kayansa. Amma ita ma iyaka ce, ba awo ba.

Awo na gaskiya sai an loda ɗakin kamar yau za a tafi. Akwai ƙaramin sikeli na musamman da ake sawa ƙarƙashin kofi, idan babu kuma sikelin 'yan gwangwan mai faffaɗan faranti zai yi, su da ke auna ƙarfe ɗaruruwan kilo kullum. Ko sikelin awon mutum ma ana dabara da shi. A sami katako mai kauri, a ɗora gefe ɗaya kan bulo, ɗaya gefen kan sikeli, da guntun bututu a ƙarƙashin kowane gefe. A sauke wuyan tirela a kan katakon, ƙafa ɗaya daga bututun bulo, ƙafa biyu daga bututun sikeli. Abin da sikeli ya nuna a ninka sau uku. Sharaɗi shi ne a danne tayoyin tirela da duwatsu, ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, kofin kuma ya tsaya daidai tsayin da zai kasance a kan mota. Nauyin ɗakin gaba ɗaya kuwa sai sikelin manyan motoci, irin wanda ake samu a masana'antu da wuraren sayar da tsakuwa.

Na Alhaji ya fito kusan yadda na yi misali: ɗaki kilo 2,400, wuya kilo 300, wato kashi 12 da rabi. Lafiya ke nan. Da ya gaza kashi 10, da ba maganar ƙugiya za mu fara ba, da kaya za mu matsar gaba. Tirelar da bayanta ya fi nauyi ita ce mai tangaɗi, kuma babu ƙarfen da ke gyara mugun lodi. Direbobin da suka saba da lodin shanu daga kasuwar Kara sun san wannan ba tare da an rubuta musu ba.

A kan kilo 300 ɗin sai a ƙara duk abin da aka ɗora a bodin mota bayan tayoyin baya, domin shi ma sandunan ne za su ɗaga shi. Alhaji yana sa ƙaramin janareta da kula a nan, kilo 60. Jimla 360. Masu ƙera ƙugiyoyin nan da laba suke rubutu, laba ɗaya kuwa gram 454 ce, don haka 360 ya zama laba 794. Equal-i-zer, alal misali, suna da sanduna na laba 600, 1,000, 1,200 da 1,400. Blue Ox suna da 550, 750, 1,000 da 1,500. A duka biyun na 1,000 ne nasa.

"To me zai hana mu ɗauki na 1,400 mu huta?" in ji shi. "Ai gara ya yi yawa."

Wannan tunani ya yi daidai a wajen sayen janareta, amma ba a nan ba. Sandar sifirin an yi ta ne don ta lanƙwasa. Idan ta fi ƙarfin nauyin da ke kanta ba za ta ba da kai ba, sai mota da tirela su zama kamar katako guda. Duk ramin da aka faɗa, bugun zai wuce kai tsaye zuwa gidan ƙugiya da wuyan tirela, wanda a ƙananan ɗakuna ƙarfensa ba kauri gare shi ba. A titin Amurka mai kyau ma ana samun wuya ya lanƙwashe ta haka, ina ga hanyar Jebba zuwa Mokwa. A kan ƙasa mai santsi kuma sanduna masu tauri fiye da kima suna iya rage wa tayoyin baya riƙo, su ne kuwa masu tura motar. Idan sandar ta yi rauni, za ka ja sarƙa har ƙarshe gaban mota bai sauko ba. Abin nema shi ne nauyinka ya faɗo cikin iyakar sandar da ɗan sarari a sama, ba a bakin iyaka ba, ba kuma can ƙasa ba.

Akwai wani lissafi da ake yawan mantawa, kuma shi ya fi kama mutane. A jikin ƙofar direba akwai takarda mai faɗin iyakar abin da mota za ta ɗauka, mutane da kaya. Nauyin wuya a cikin wannan iyaka yake shiga, haka ita kanta ƙugiyar, wadda da sandunanta takan kai kilo 35 zuwa 45. A ce iyakar kilo 600 ce. Manya biyar sun ci wajen 375, wuya 300, ƙugiya 40, ka riga ka wuce tun ba a sa jaka ko ɗaya ba. Mu kuwa ba ma tafiya Arewa mu kaɗai. Da an ji za ka gida, wannan zai kawo saƙo, wancan zai ce a rage masa hanya zuwa Ilori. Kusan kullum mota tana cika ta wannan ɓangare kafin ta kai iyakar abin da za ta ja.

Game da siffar sanduna, iri biyu ne a kasuwa. Akwai masu zagayen jiki da ke shiga kan ƙugiya ta ƙasa su lanƙwasa baya, akwai masu kusurwa huɗu da ke shiga ta gefe su miƙe. Na farko sun fi araha amma sun fi kusa da ƙasa. A garin da kowace ƙofar gida sai ka haura kwata, kowane layi da tudun rage gudu wanda mutanen unguwa suka gina yadda suka ga dama, ni masu kusurwa huɗu nake zaɓa, ba na ma dogon tunani.

Inda ya kamata a daɗe ana tunani shi ne maganin tangaɗi. Raba nauyi daban, hana tirela kaɗa jela daban, ko da yake ƙugiyoyi da yawa suna haɗa biyun. Wanda ya taɓa bin hanyar Legas zuwa Ibadan da tirela a baya ya san abin da nake nufi. Tanka ko babbar bas ta taho ta wuce ka, iskarta ta fara tura bayan ɗakin gefe, sannan ta tsotso shi. Ɗakin kwana bango ne mai tsawo, iska tana samun wurin kamawa. Idan kaɗawar farko ba ta mutu ba, ta biyu ta fi ta, ta uku ta fi ta biyu.

Mafi arha shi ne ƙaramin ƙarfe mai zamewa da ake ɗaurawa a gefe, yana matse kansa da gogayya. Yana taimakawa a ƙananan tireloli, amma sai an cire shi kafin a yi ribas mai lanƙwasa, a kuma sassauta shi idan hanya ta yi santsi. Ka yi tunanin sau nawa za ka yi ribas kafin ka fita daga Agege kawai. Sai waɗanda maganin yake jikin sandunan: a Equal-i-zer da Fastway sanduna suna kwanciya kan maƙalai na ƙarfe, gogayyar ƙarfe da ƙarfe ce ke riƙe tirela, shi ya sa suke gurnani a kwana, kuma gurnanin ba lalacewa ba ne. Reese suna da mai ɗan gwiwa biyu da ke zama a lanƙwasar sanda suna mayar da tirela tsakiya. Andersen sun bar sanduna gaba ɗaya, sarƙoƙi ne da robobi masu tauri, ba ta kai kilo 30 ba, ta dace da wanda wuyansa ba shi da nauyi sosai. A can ƙoli akwai Hensley da ProPride, masu haɗin gwiwoyi da ke sa tirela ta yi kamar a kusa da tayoyin bayan mota aka rataye ta. Aikinsu yana da kyau ƙwarai, sai dai suna da nauyi, kuɗinsu dubban daloli ne, kuma ranar da ƙaramin abu ya karye a Tegina ba mai shi ko a Ladipo. Ga mai ɗaki matsakaici a ƙasar nan, ni na fi natsuwa da mai maƙalai: ƙarfe ne da noti, ba abin da bakanike mai hankali zai kasa ganewa.

Kafin a biya kuɗi, a auna wuyan tirela. Maƙalan suna zama wajen inci 30 daga ƙwallo, sau da yawa daidai inda mazaunin tukunyar gas ko akwatin batir yake. A kuma auna tsayin gidan ƙugiya daga ƙasa da tsayin kofi idan tirela tana a miƙe, domin bambancinsu ne ke nuna irin ƙotar da za a saya, mai sauka ƙasa ko mai hawa sama. Idan ta hannu za ka saya, ka tabbata sandunan biyu tagwaye ne masu lamba ɗaya, lambar kuma tana karantuwa. Sandar da aka taɓa gasawa da wuta don a miƙar da ita ta tashi daga sifirin. Kan da aka yi wa walda a bar shi. Sakatar da ke riƙe ƙota a gida mai inci 2 kaurinta 5/8 na inci ne, ƙarfe ne na musamman, ba a musanya ta da guntun rodi.

Ɗaurawar ma da tef ake yinta. A shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna daga ƙasa zuwa bakin mudgad na tayar gaba, mota ita kaɗai. Ka jona tirela ba sanduna, ka sake aunawa. Sannan ka ɗaura sanduna ka auna na uku. Wasu kamfanonin mota suna cewa a dawo da rabin abin da gaban ya ɗaga, wasu suna cewa a dawo da shi duka, sai ka bi na motarka. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne kada gaban ya sauka ƙasa da inda yake tun farko. Ana ƙara ƙarfi ko a rage ta hanyar karkata kan ƙugiya da washa, ko canza ƙwayar sarƙa, ko matsar da maƙali. Tirela ta tsaya a miƙe ko ta ɗan sunkuyar da gaba, kada ta ɗaga shi. Wajen ɗora sanduna, ka kulle kofi a kan ƙwallo, ka ɗaga mota da tirela tare da jak ɗin wuya, sai sandunan su hau ba kokawa. Haka wajen saukewa. Sandar da ke ɗaure tana ɗauke da ƙarfin da zai karya ƙafa, kada yaro ya tsaya kusa.

Wani abu da takardun Amurka ba sa damuwa da shi sosai amma mu ya shafe mu kullum: idan mota ta fara hawa tudu mai tsini alhali tirela tana cikin kwari, kamar shiga gidan mai mai dogon dakali ko sauka daga kwalta zuwa hanyar gona da ruwa ya zaizaye, sandunan suna lanƙwasa fiye da abin da aka yi su dominsa. A irin wannan wuri a tsaya a sauke su, a wuce a hankali, a mayar. Minti biyar ne. Iskar teku da ruwan da ke kwanciya a titunanmu kuma suna cin ƙarfe, don haka giris a ƙwallo da inda sanduna ke juyawa a kai, amma ban da wurin da aka yi don gogayya, sai abin da takardar ƙugiyar ta ce.

Ɗakin Amurka birkinsa ba ya aiki sai mota tana da ƙaramin akwatin sarrafa birki kusa da sitiyari, an kuma haɗa filogi mai baki 7. Alhaji bai san da wannan ba, daga Tin Can har Agege birkin Tundra kaɗai ya tsayar da su. A jikin akwatin akwai ɗan maɓalli da ke kama birkin tirela ita kaɗai. Ranar da ta fara tangaɗi, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka taka birkin mota, ka matsa wannan maɓalli a hankali. Tirela za ta ja baya, layin ya miƙe kamar igiyar da aka ja. Sarƙoƙin tsaro biyu kuma a gicciye su ƙarƙashin wuya, don idan kofi ya fita su tare shi kafin ya caki kwalta.

Sai da ƙugiyar Alhaji ta yi mako shida a hanya kafin ta iso, ɗakin yana ajiye a gareji. Ranar da muka ɗaura, gaban motar ita kaɗai santimita 94 ne. Da tirela ba sanduna ya koma 97. Muka ƙara washa ɗaya, muka sake gwadawa, ya tsaya a 95. Washegari bayan sallar asuba na raka shi, muka fita ta Berger kafin cunkoso, muka tsaya a mahaɗar Sagamu na sake bin notina da sifana, biyu sun ɗan saki kamar yadda sabon ɗauri ke yi. Kafin mu tsaya tankoki uku sun wuce mu a kan doguwar gada.

Na ce, "Alhaji, yaya ka ji sitiyarin?"

Ya ce, "Malam, yanzu na san ni ke tuƙa ta."

Na sauka a nan na nemi motar komawa Legas, shi kuma ya kama hanyar Ibadan.